Kujera a Ƙarƙashin Inbata

Garbai ya iya sassaƙa tun kafin ya iya ɗaure zariyar wandonsa, amma ba hannunsa ne ya kai sunansa lungunan Jimeta ba, injinsa ne. Wani faffaɗan tebur ne na ƙarfe, da kai mai yawo a samansa, kan kuma riƙe da haƙori mai juyawa. Sai a zana fure ko suna a kwamfuta, a ɗaure katako a teburin, kan ya yi ta kai da komo yana fitar da zanen. Masu wucewa kan tsaya a bakin shagon su riƙe haɓa. Shi kuwa Garbai, da yake Allah bai rage shi da baki ba, sai ya gyara zaman hula ya ce, "Kwamfuta ke yin komai. Ni kallo ne nawa."

To, ba komai take yi ba. Tana nuna wa kan inda zai bi, amma saurin juyawar haƙorin ba ta da ta cewa a kansa. Wannan aikin wani farin akwati ne da ake kira inbata, wanda ke rataye a bango, da ɗan abin murɗawa a gabansa irin na ƙara muryar rediyo. Kowane katako da saurin da yake so. In haƙori ya cika gudu a kan itace mai tauri, ba yanka zai yi ba, guga zai yi ta yi har wurin ya ƙone. Don haka Garbai kan kasa kunne ga kukan injin, ya je ya murɗa, ya dawo, ya sake komawa, kullum da sunan zai ɗauko wani abu a bango. Ƙarya ce 'yar ƙarama, wadda ba ta hana kowa barci. Sai dai ta hau titin Yola ta tafi har unguwar Makama, ta shiga kunnen surukinsa.

Surukin nan, Alhaji Hamajoɗa, tsohon ma'aikacin gandun daji ne, Bafulatani mai tsadar magana. Shekarar da aka tarwatsa Bama, Garbai ya iso Yola da rigar jikinsa da gizagon mahaifinsa a cikin buhu. Hamajoɗa ya gan shi yana gyara tagar masallacin unguwa, ya kira shi gida ya gyara masa tasa. A lokacin wasa suke yi irin na Fulani da Barebari, wannan ya ce bawana, wancan ya ce wa ya taɓa ganin bawa da ya fi ubangidansa ƙiba. Da tafiya ta yi tafiya, Hamajoɗa ya ba shi 'yarsa Asta. Dangi suka yi ta ƙananan maganganu, wai an ɗauki 'yar gida an ba mutumin da ko ƙofar gidan ubansa ba zai iya nunawa ba. Tsohon bai tanka wa kowa ba, ya sa aka ɗaura aure.

Daga ranar wasa ya mutu. Garbai ya daina haɗa ido da shi, ya daina cin abinci a gabansa, sunansa kuwa ko a bayan ido ba ya kamawa. In ya je gaisuwa ran Juma'a, takalmi a waje, shi a tsugune a gefen zaure. Duk wata magana mai nauyi ta bakin Asta take bi, ta je ta dawo.

Ta bakin Asta ɗin ne maganar falankin ta iso. Mahaifin Hamajoɗa, Modibbo Suhaib, ya dasa maɗaci a ƙofar gida tun yana saurayi. Wata damina iska ta kayar da shi. Aka tsaga, Hamajoɗa ya rarraba wa 'yan'uwa, ya riƙe falanki guda, mafi faɗi, ya jingine shi a ɗakinsa shekara da shekaru yana bushewa. Kafintoci nawa suka nema ya hana. Yanzu yana son a sa shi a tsakiyar sabuwar ƙofar zaure, da sunan Modibbo a jiki, da zayyana kewaye da shi.

"Baaba ya ce kai za ka yi," in ji Asta. "Ya ce tunda inji ne mai lissafi, ba zai yi kuskure ba."

Garbai ya ji daɗi har cikin ransa, ya kuma ji tsoro. Ƙofar gidan surukinsa ce, wadda duk dangin nan masu magana za su riƙa bi ta cikinta, kuma falankin ba shi da na biyu a duniya. Nan ya yanke shawarar mayar da ƙaryarsa gaskiya. Ya nemo Zadok, wani mutumin Numan mai gyaran wutar rijiyar burtsatse, wanda ya san inbata ciki da bai.

Zadok ya zo da safiyar Litinin da wani ɗan koren allo da bai fi akwatin ashana ba.

"Oga Garbai, ka gani? Kwamfuta zai yi magana, wannan zai juya maganan ya zama wuta, waya biyu ya kai wa inbata. Amma inbata kunne ɗaya ne da shi. Yanzu abin murɗawan nan yake ji. Sai an shiga saiti an ce masa ya bar wancan, ya ji waya. In ba a yi haka ba, ko ganga ka buga masa, no be im business."

Bai rufe baki ba aka kira shi, wai famfon wata makaranta a Sangere ya tsaya. Ya nuna wa Garbai inda kowace waya za ta shiga, ya rataya jakarsa.

"Ka haɗa waya, amma no start am fa, kar ka tayar da shi. Ina dawowa bayan Azahar, mu yi saiti, mu gwada a kan gutsuren katako tukuna."

Garbai ya haɗa wayoyin tsaf, ya ɗaure kowace ƙusa. Yana cikin share hannu sai ga Keke Napep ta tsaya a bakin shagon, wani abu mai tsawo naɗe da tsohon bargo ya leƙo ta gefenta. Mutumin da ya fito yana tallafe da kan abin, da farar riga da hula zanna, Alhaji Hamajoɗa ne, wanda bai taɓa tako shagon nan ba tunda aka buɗe shi.

Garbai ya ruga ya karɓa, ya durƙusa a kan garin katako.

"Jam na, Malam?" in ji tsohon, yana tambayar lafiya da Fulatanci.

"Jam, Baaba. Da an aiko, ai da na zo na ɗauka."

"A'a. Na ce bari in zo in gani da idona. Asta ya ce kai kallo kawai kake yi." Tsohon ya dubi injin daga wannan kai zuwa wancan. "Yana lafiya dai? Za a iya yau?"

Ga mafita a buɗe. Da ya ce sai bayan Azahar, da shi ke nan. Amma sai an tambayi dalili, dalilin kuma zai jawo Zadok, Zadok ya jawo waya, waya ta jawo abin murɗawa da duk cika bakin da aka yi. Kuma ta yaya za ka ce wa mutumin da ya ba ka 'ya, ya taso daga Makama da azumin Litinin a bakinsa, ya zauna ya jira mai gyara?

"Lafiya lau yake, Baaba. Za a iya."

A ransa ya ce ai ba wani abu, sai a yi yadda aka saba, a murɗa da hannu a fakaice. Ya juya don ya kawo wurin zama, sai ya tarar tsohon ya riga ya samar wa kansa. Kujera ɗaya ce mai kyau a shagon, kuma tana jikin bangon da ƙura ba ta kaiwa. Saboda ƙurar ce ma aka rataye inbata a can. Hamajoɗa ya zauna ya jingina, ya ciro carbi, ƙoƙon hularsa daidai ƙarƙashin abin murɗawa.

Garbai ya tsaya yana duban bangon. In zai kai hannu wurin, sai ya tsaya a kan surukinsa, hammatarsa a saman hular tsoho. In kuwa ba haka ba, sai ya buɗe baki ya ce, Baaba, tashi. Ya auna wannan, ya auna wancan, ya ga ko wanne gara ƙasa ta tsage ya shige. Ya yi tayin shayi ko tsohon zai matso bakin ƙofa, aka tuna masa da azumi. Ya ce ƙarar injin tana da yawa a nan ciki, tsohon ya ce shi da ya yi rayuwarsa a wurin tsaga katako, ƙara ba baƙonsa ba ce.

Suka warware bargon. Falankin ja ne mai duhu, sumul, da ƙamshin ɗaki a jikinsa. Garbai ya ɗaure shi a tebur, ya sa faffaɗan haƙori, ya buɗe zanen da ya kwana biyu yana gyarawa. Yana yi yana lallashin kansa: wa ya sani, ƙila Zadok ya faɗi abin da ya fi ƙarfin gaskiya, ƙila waya ta kama da kanta. Ya zagaya bayan shago ya tayar da janareta, ya ɗaga babban makunni. Inbatar nan da an ba ta wuta take tashi, haka mai sayarwa ya saita ta. Tun kafin ya dawo ciki kunnensa ya ba shi labari. Kukan siriri ne, mai tsini. Jiya haruffan roba ya yanka da ƙaramin haƙori, ya bar abin murɗawa a ƙarshen gudu.

Ya tsaya gaban kwamfuta ya rubuta gudun haƙori dubu goma sha biyu. Lamba ta sauka a fuskar kwamfutar, ɗan koren allon ya kyafta fitilarsa, kukan bai canja ba. Ya rubuta dubu takwas. Haka dai. Ko ɗaga kai ya dubi lambar da ke jikin inbata bai iya ba, don duban can duban fuskar surukinsa ne.

"Bismillah," in ji Hamajoɗa.

Garbai ya san abin da zai faru. Wannan ne abin da ya fi cin ransa daga baya, don ba zai iya cewa bai sani ba. Ya ƙara wa kan saurin tafiya ko haƙorin zai riƙa wucewa kafin zafi ya taru, ya yi addu'ar da ta zo bakinsa, ya danna.

A miƙaƙƙen layin gefe abin ya so ya yi kyau, sai ɗan ja-ja da ya fi na katakon. Da aka zo lanƙwasar zayyana, inda kan ke rage tafiya da kansa, layin ya koma ruwan ƙasa, daga nan ya koma baƙi. Garin da ke fita ya daina zama gari, ya zama toka. Wari ya tashi. Garbai ya san warin nan tun daga Bama, ranar da ya waiwaya ya ga unguwarsu, kuma bai taɓa zaton zai tayar da shi da hannunsa ba. Ya saci kallon tsohon ta wutsiyar ido. Carbi na tafiya, ido na kan titi.

Kan ya bar zayyana ya nutsa cikin harafin farko na sunan Modibbo, hayaƙi ya miƙe. Nan Garbai ya danna tsayawa. Kan ya tsaya cak. Haƙorin bai tsaya ba, don ba kwamfuta yake ji ba, ya ci gaba da juyawa a rami ɗaya. Ya nemi ɗaga kan, manhajar kwamfuta ta ce sai an soke aikin tukuna, yatsunsa suna danna abin da ba shi ba. Jan maɓallin kashewa yana nan a jikin inbata, taku uku daga inda yake tsaye, a saman hula zanna.

Sai ga Garbai, magidanci mai 'ya'ya, ya kwasa da gudu ya fita ta ƙofar gaba, ya zagaya shagon mai fenti, ya tsallake kwata, ya faɗa bayan shago ya sauke babban makunni.

Ya daɗe a tsaye a wurin kafin ya koma. Da ya shiga, shagon shiru, hayaƙi na lilo a ƙarƙashin kwano. Zayyanar ta yi baƙi rabi, a farkon sunan kuma ga rami ƙonanne da babban yatsa zai shige. Ya durƙusa. Da tsohon zai zage shi, ko ya yi masa ba'a irin ta da, ya ce Babarbare ya ƙone mini uba, da ya samu inda zai sa kansa.

"Yaya Yusrah?" in ji Hamajoɗa. "Mura ya sake shi?"

Yusrah ita ce ƙaramar 'yar Garbai.

"Ta samu sauƙi, Baaba."

"Madalla. A gaishe su."

Tsohon ya miƙe a hankali yana dafa gwiwa. Da ya juya zai gyara rigarsa, idonsa ya sauka a kan inbata, a kan ɗan abin murɗawar da yatsa ya goge har yana sheƙi, da dattin hannu kewaye da shi. Bai daɗe yana kallo ba. Ya naɗe bargonsa ya fita, ya tare Keke da kansa, bai waiwayi falankin ba.

Zadok ya iso bayan Azahar kamar yadda ya ce. Ya dubi tebur, ya cire hular kwano ya riƙe a hannu. Sannan ya je jikin inbata ya danna 'yan maɓallai, bai fi tsawon alwala ba. Aka ba da wuta. Garbai ya rubuta lamba, kukan ya sauka. Ya ƙara, ya hau. Ya danna kashewa, haƙori ya tsaya. Abin da ya daɗe yana faɗa wa mutane ya zama gaskiya, kuma ko kaɗan bai ji daɗinsa ba.

"Amma Oga, me ya sa ba ka ce wa Baba ya matsa small ba?"

"Surukina ne."

"Ni ma ina da suruki. In wuta ya kama, zan ɗaga shi da kujeran gaba ɗaya."

Garbai ya juya ya fara kwance falankin daga tebur.

Kwana biyu bai iya cin tuwon kirki ba. Asta ta tafi Makama ta wuni, ta dawo ta same shi a tsakar gida yana kallon ƙasa. Ta zauna nesa kaɗan.

"Baaba ya ce tun da injin ya tashi ya ji kukansa ya yi yawa wa maɗaci."

Garbai ya ɗago.

"Ya ce ya so ya tashi daga kujeran. Amma in ya tashi, kamar ya nuna ya gane akwai abin da kake ɓoyewa, a shagonka, a gaban maƙwabtanka. Sai ya zauna." Ta ja bakin mayafinta. "Shi ma bai ci abinci ba, in kana son sani. Ku biyu kun zauna kuna kallon katakon kakana yana ƙonewa, kowa yana jin kunyan ɗan'uwansa. Ni ban san wa zan yi wa faɗa ba."

Garbai ya rufe fuska da tafin hannu. Ashe duk rawar da yake yi a gaban kwamfuta, tsohon na gani.

"Ya ce falanki yana da baya. Ka juya shi."

"Ɗaya fuskar fa? In goge ta, ko in rufe ta da filawud."

"Na tambaya. Ya ce in an goge har ramin ya ɓace, kauri ba zai rage ba. Kuma ba a rufe maɗaci da filawud."

Haka aka yi. Ya gwada a kan gutsure har sau nawa, sannan ya juya falankin. Manhaja ta riƙa rage gudu tana ƙarawa da kanta, haƙori na fitar da gari ja mai laushi, sunan Modibbo Suhaib ya fito tas. Aka kafa ƙofar. Dangin da suka yi magana a da suka zo suna shafa zayyanar suna cewa kai, Barebari akwai hannu. Garbai ya ce musu na gode, idonsa a ƙasa.

Ƙofar ciki take buɗewa. In an tura ta har bango, ƙonanniyar fuskar takan ɓuya. Garbai ya lura duk Juma'ar da ya zo gaisuwa a haka yake samun ta, a wangale, tsohon kuma ya shimfiɗa buzunsa a gabanta yana tokare da ita. Asta ce ta gaya masa sauran ranaku a saye take wuni. Ran Juma'a ne kawai Baaba ke tashi da kansa ya buɗe, da ya ji an sauko daga masallaci. Wannan alherin ya fi masa zagi ciwo, amma ya rasa yadda zai yi da shi, sai ya ci gaba da zuwa yana tsugunawa.

Wata Juma'a cikin Agusta, suna tsakiyar gaisuwa hadari ya haɗo daga wajen kogin Binuwai. Iska ta fara, sannan ruwa, yana shigowa a karkace ta bakin zaure. Ya jiƙa bakin buzun, ya hau gefen farar rigar. Hamajoɗa ya ci gaba da jan carbi kamar ba a kansa ake yi ba, yana tambayar yadda kasuwa take. Tsoho ne mai ciwon ƙirji, kowa a gidan ya sani. Ruwa na gangarowa daga hannun rigarsa, ya yi tari sau ɗaya ya haɗiye na biyu.

Garbai ya dubi rigar, ya dubi ƙofar. Ya miƙe tsaye a gaban surukinsa, abin da bai taɓa yi ba.

"Baaba, ɗan matsa in rufe ƙofa."

Hamajoɗa ya kama bakin buzunsa ya ja gefe, ya gyara zama. Garbai ya tura ƙofar ta rufu, ƙarar ruwa ta koma waje, baƙar zayyanar da ramin suka fito fili a tsakaninsu. Ya koma wurinsa ya tsuguna.

Ba ramin yake kallo ba. Sawun buzun yake kallo a kan siminti, busasshen wurin da tsohon ya tashi daga kai, da inda ya koma. Tsakaninsu bai kai kamu biyu ba.